Babi na Shida: Kura da Shan Bugu

Tun kafin kyamara ta shigo ƙasar Ruma, mutanenta sun san suna dukiya ne. Ɗanwaire ya daɗe da barin duniya, amma har gobe in maroƙi na son ya motsa mutumin Batsari ya sa hannu aljihu, sunan wannan barden yake ambatowa. Saboda haka tambayar da Amurkawa suka shafe shekaru suna kai ruwa rana a kanta, wato ko ya halatta ɗalibi ɗan wasa ya karɓi kuɗi don an yi amfani da sunansa ko hotonsa, ba baƙuwa ba ce a wurinmu kamar yadda take a kunne. Mun daɗe da amsa ta a filin dambe. Abin da ya faru shi ne amsar ta tsufa, ba mu kuwa sabunta ta ba.

A da, in kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, sai 'yan dambe su kama yawon garuruwa, a Batsari da Safana kamar sauran ƙasar Katsina. Asalin wasan na mahauta ne, kafin kowa ya shigo. Mai kalangu ya ɗauki taken ɗan wasa, shi kuma ya fito yana kirari, ya naɗe hannu, a sa zare, a yi turmi uku in ba a samu kisa ba. Abin lura a nan shi ne yadda kuɗi ke zagayawa. Wanda ya yi kisa, nan take 'yan kallo ke yi masa kari, ƙura ba ta ma kwanta ba. Shi kuma ya juya ya sallami makaɗinsa, domin makaɗin ne ke kai sunansa garin da ƙafarsa ba ta taka ba. Sunan ya jawo jama'a a wasa na gaba, jama'a su sake yin kari. Ba takarda, ba lauya, amma duk wanda ya ci moriyar wani yana tsaye a fili ɗaya da shi, ido na ganin ido, kunya kaɗai ta isa ta sa a biya.

'Yan dambe sun ma kai ga ba da aron suna. Yaro mai tasowa ba ya shiga fili da sunan yanka. Sai ka ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Ya jingina da sunan maigidansa don 'yan kallo su waiwaye shi, ya kuma biya da biyayya, da hidima, da kare martabar ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Guramada. In ya ci amanar sunan, ana iya raba shi da shi. Al'ummar da ta tsara wannan ba za a ce ba ta san cewa sunan ɗan wasa jari ne ba.

Kaset ne ya fara ɓalle zagayen. Waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta shiga gidajen rediyo da shagunan masu kaset, ta kai inda Shago bai taɓa sa zare ba, har ta wuce zamaninsu su biyun. An kwafa, an sake kwafa, an sayar a tasha da kasuwa. Tsarin cinikin kaset bai tanadi kason mawaƙi yadda ya kamata ba, balle na wanda aka yi wa waƙar. Mai sauraro a Maraɗi ko Kumasi ya ji daɗi, ya biya mai shago, shi ke nan.

Waya ta ƙarasa aikin. Yau ba wasan da za a yi, dambe ne ko kokawa ko ƙwallo, da ba za ka ga hannuwa a sama riƙe da wayoyi ba. Kafin ɗan wasa ya kwance zare, faɗuwar abokin karawarsa ta isa Legas. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta tara miliyoyin masu kallo daga ƙasashen da ba su san ina Katsina take ba, daga baya kuma African Warriors Fighting Championship ta Maxwell Kalu ta shigo da nata tsarin. Waɗannan aƙalla suna da suna da adireshi, ɗan dambe ya san ƙofar da zai buga. Masu wuyar kamawa su ne ɗaruruwan shafukan Facebook da TikTok da ba a san masu su ba, da 'yan dawunlodin da ke tura bidiyo a memori ranar kasuwa. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, in ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Ba ta tambayar wa aka nausa a cikin bidiyon. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan karin maganar ce, ba ƙari ba ragi, wani Ba'amurke mai suna Ed O'Bannon ya kai gaban alƙali a 2009. Shi ne gwarzon ƙwallon kwando da ya jagoranci jami'ar UCLA ta ɗauki kofin ƙasa a 1995. Bayan shekaru, yana sana'ar sayar da motoci kusa da Las Vegas, sai ya ga kansa a wani wasan kwamfuta na kamfanin EA Sports a gidan abokinsa: bahago, kai a aske, lamba 31 a baya. Ba a rubuta sunansa ba, amma duk wanda ya san shi ya san shi ne. Ba wanda ya nemi izininsa, ba wanda ya ba shi ko sisi. Dalili kuwa, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, a lokacin tana da doka cewa ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, ladansa shi ne karatu kyauta da ɗaki da abinci. In ya karɓi kuɗi don tallar takalmi ko sa hannu a riga, an kore shi daga wasa. Alhali a 2010 ita hukumar ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14. Masu horarwa na ɗaukar albashin miliyoyi, yaran da ke zufar kuwa an ce kuɗi zai ɓata musu tarbiyya.

Tsaurin dokar ya kai inda hankali ba ya ɗauka. A 2017 wani ɗalibi a wata jami'ar jihar Fulorida, Donald De La Haye, ya rasa gurbinsa a ƙungiya da tallafin karatunsa saboda yana samun kuɗin talla a tasharsa ta YouTube, wadda shi ya buɗe abarsa, shi yake ɗaukar kansa. Sannu a hankali katangar ta tsage. Mai shari'a Claudia Wilken ta ba O'Bannon gaskiya a 2014. Jihar Kalifoniya ta yi dokarta a 2019. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara, baki ɗaya, suka yanke hukuncin da bai yi wa NCAA daɗi ba a shari'ar Alston, kuma daga ranar 1 ga Yuli na shekarar aka sakar wa ɗalibai mara su yi ciniki da sunansu. A 2025 kotu ta amince da wani sulhu na kusan dala biliyan 2.8 da za a biya tsofaffin 'yan wasa cikin shekara 10, aka kuma yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara.

Wani abin takaici da ya shafe mu kai tsaye: 'yan Afirka da ke karatu a can da bizar ɗalibai ba su ci moriyar sauyin kamar 'yan ƙasa ba, domin bizar ta taƙaita aikin da za su yi a biya su a cikin Amurka. Hanyar da Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa jami'ar Houston, wadda Tobi Amusan ta bi zuwa El Paso kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, har yanzu cike take da 'ya'yanmu. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ke wasa a jami'ar Kentucky a lokacin, sai da ƙungiyarsa ta je tsibirin Bahamas a 2022 ya samu damar yin tallace-tallacensa a wajen ƙasar.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya ɗauko wannan muhawara ɗungurungum ya sauke ta a Safana zai ba mutane dariya, kuma da gaskiyarsu. Ina biliyoyin? Gasar jami'o'in Nijeriya, NUGA, tun 1966 ake yin ta, amma ba ta taɓa zama abin da gidajen talabijin ke rububin saye ba. A 2018 aka fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da tallafin bankin Stanbic IBTC, wadda ita ce ta ɗan yi kama da tsarin kasuwa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke garin, waɗanda su ne manyan makarantu mafi kusa da ɗan Safana, in ya wakilci makarantarsa, abin da yake fata bai wuce kuɗin mota da na abinci da rigar da ba za a ce ya maido ba. A sakandare kuwa, sau da yawa malamin wasanni ne ke karo-karo da abokan aikinsa a sayi ƙwallo.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ƙananan hukumomin biyu, Batsari da Safana, suna bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da shekarun baya suka yi musu. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Wasu makarantun firamare sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Wasan da ake yi da yamma har a kai dare, wanda ke tara baƙi daga ƙauyuka, shi ne farkon abin da tsoro ke kashewa. Mutumin da ke lissafin yadda zai kai gonarsa ya dawo lafiya, in ka tare shi da zancen haƙƙin hoton ɗansa, zai dube ka ne kawai.

Duk da haka ban yarda a ce maganar ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu, sai dai ta juyo ne a baibai. A Amurka hoton yaro aka ɗauka aka sayar. A nan yaron ne ake rataya wa hoton wani. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san gasar cin kofin ɗan siyasa, wadda kan yawaita in zaɓe ya matso: kofin ciyaman, kofin ɗan majalisa, kofin mai neman kujerar ɗan majalisa. A kawo riguna, fuskar mai gida a ƙirji, alamar jam'iyya a baya. Yara, akasarinsu 'yan sakandare ko waɗanda suka gama kwanan nan, su shafe makonni suna gudu a filin da ba ciyawa, wasu da takalmin roba. Ranar wasan ƙarshe a kafa rumfa, a kawo kujeru, a ɗauki hoto ana miƙa kofi, washegari hoton ya cika Facebook da taken wane ya tallafa wa matasa. Ko da yaro ya karye a zagayen farko, gidan mai ɗori iyayensa za su kai shi da kuɗinsu.

Ba ina cewa gasar ba ta da amfani ba. A garin da matasa ba su da abin yi, kuma daji na kiran wanda ya rasa abin yi, ko wa ya tara su a filin ƙwallo ya yi abin a gode masa. Amma a kira abu da sunansa. Ɗan siyasar da zai biya mai buga fosta, ya biya mawaƙi, ya biya 'yan soshiyal midiya, ya san sarai cewa taron da yaran suka tara masa talla ce, kuma ta fi fosta tasiri. Kowa a cikin kamfen ɗin an biya shi kuɗin aikinsa, sai wanda jama'a suka fito kallo. In yaro ya yi ƙarfin halin cewa, “Ranka ya daɗe, ba ɗan abin da za a ba mu?” amsar da aka saba ita ce, “Kai yaro, ai fito da ku muke yi duniya ta san ku.” Wannan kusan ita ce amsar da NCAA ta shekara da shekaru tana bayarwa.

Masu adawa da shigo da kuɗi wasan makaranta suna da hujja, kuma wata hujjar tasu tana da ƙarfi. Mafi ƙarfinta ita ce sojan haya. Tun yanzu da ba kuɗi, akwai makarantun da kan ɗauko ƙaton da ya bar aji da daɗewa a sa masa riga a ce ɗalibi ne. Rage shekaru ya yi mana katutu har hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta karɓi baƙunci a 2009. In aka sa kuɗi, su wa za su fara kwasa? Ba yaran aji biyu ba. Akwai kuma tsoron iyaye, cewa yaro in ya ɗanɗana kuɗin ƙwallo zai yi wa littafi riƙon sakainar kashi, ga shi cikin dubu da wuya ɗaya ya zama Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Jos ya bi ta Kano Pillars ya wuce Holan a 2010. Amurka ma ba ta tsira ba: tun 2021 attajirai masoya jami'o'i ke haɗa kuɗi suna sayen 'yan wasa da sunan talla, yara na sauya makaranta kowace shekara suna bin mai tsoka, kaso mafi girma kuma na tafiya ga tsirarun taurari.

Hujjar da ban karɓa ba ita ce wai kuɗi a karan kansa yana zubar da mutuncin ɗalibta. Tun 1986 ake musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma gwarazanta, maza da mata, ana ba su motoci da kujerun Makka da kuɗi a bainar jama'a. Ba wanda ya ce kyautar ta ɓata su, sai ma ta sa ƙannensu suka ƙara ƙwazo. In abin da ya fi komai daraja a wurinmu bai ƙazantu da kyauta ba, ba gudun mita 100 ne zai ƙazantu ba. Haka ɗalibin da ke gyaran waya bayan an tashi makaranta, ko yake kai rogo kasuwar Batsari, ba a taɓa cewa ya daina zama ɗalibi ba. Ɗan wasa kaɗai ake nema ya yi nasa fisabilillahi.

Abin da nake gani shi ne a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Albashi daban, haƙƙin suna daban. Ba makarantar gwamnati a yammacin Katsina da za ta iya biyan 'yan ƙwallonta albashi, kuma bai kamata a nema ba. In tana da rarar kuɗi, rufin aji da kujeru sun fi cancanta. Amma in wani daga waje ya zo zai ci riba da yaro, ɗan siyasa ne, ko mai shagon katin waya, ko mai tashar bidiyo, to a nan ciniki ya faɗa, kuma ciniki ba ya inganta sai da yardar ɓangare biyu. A tambayi yaron. In bai kai shekara 18 ba, a tambayi mahaifinsa ko waliyyinsa, shugaban makaranta ya zama shaida. A faɗi abin da za a bayar tun kafin a busa usur, ba sai an gama a ce mai gida ya yi tafiya ba. Kuma kafin a yi maganar kofi, a ajiye kuɗin jinyar wanda zai ji rauni. Yaron da bai son fuskar wani ɗan takara a ƙirjinsa, wataƙila don gidansu wata jam'iyyar suke yi, a bar shi ya buga ƙwallonsa da riga marar hoto. Ga 'yan mata kuwa izinin ya fi kuɗin muhimmanci nesa ba kusa ba. Bidiyon yarinya tana tsere ranar wasannin makaranta, in ya faɗa hannun banza aka ɗora masa waƙa a TikTok, yana iya jawo a cire ta daga makarantar gaba ɗaya, kuma ƙannenta ba za su sake taka filin ba.

Doka ba ta yi nisa a nan ba. Nijeriya ba ta da dokar da ta keɓanta ga cinikin suna da kamannin mutum. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, a bisa asali, mai ɗaukar hoto take ba haƙƙin hoton, ba wanda ke cikinsa ba. Abin da ya fi kusa da kariya shi ne sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ya yi magana kan sirrin ɗan ƙasa, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta shar'anta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Amma wa zai tashi daga Runka ya ɗauki lauya a Katsina saboda bidiyon daƙiƙa 30? Abin da zai yi aiki a nan shi ne abin da ya saba yin aiki: shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su tsaya, mai unguwa da dagaci su sani, in ta kama a kai gaban Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana. Ɗan takarar da ya san za a ambaci sunansa a fada kan ya ci gumin yara zai biya tun kafin a kai can.

Akwai kuma kuɗi na gaske da ƙungiyoyin ƙauye ke asara ba su sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, gwargwadon shekarun da ya yi a kowace. A cinikin Yuro miliyan 10, Yuro 500,000 ke nan. Tun 2022 hukumar ta buɗe ofishi a Faris don tabbatar da kuɗin na isa ga masu shi. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta zama mai rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron ya shiga kundin tun yana wurinta. Yawancin kociyoyin unguwa a Batsari da Safana ba su da wannan rajista. Su ne ke tashin yaro da asuba, su saya masa takalmi da kuɗin aljihunsu, sai wani dillali ya gan shi a bidiyo, ya ɗauke shi zuwa wata makarantar ƙwallo a Kaduna ko Abuja, a yi masa rajista a can kamar ranar ya fara taɓa ƙwallo. Rajistar tana farawa ne daga hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Katsina, kuma abin da ake nema bai wuce ƙungiya ta zama tana da suna da shugabanni, da takardar haihuwar kowane yaro ta gaskiya ba.